Ba a Taɓa Cin Mu a Gida Ba

Makarantar su ɗana tana da duk abin da ake buƙata na ƙwallon kwando, in ka cire wanda ya iya ƙwallon kwando. Akwai fili mai fenti kore da ja, wanda ake sabuntawa duk lokacin da aka ji baƙi za su zo. Akwai allon ƙirga maki mai wuta, da ke kuka kamar motar asibiti in an ci. Akwai riguna kala biyu, da sunan makaranta a baya da manyan harufa masu ƙyalli. Har kwamiti akwai, da shugabansa da sakatarensa da ɗaki mai fanka. Koci ne kawai babu, kuma Shugaban makaranta ya ce wannan ƙaramin abu ne.

Kada in yi musu sharri, akwai wanda ake kira Koci. Malamin Labarin Ƙasa ne. Makarantar tana da wani tsari mai kyau na raba ayyukan da ba a biya a kansu: duk wanda bai halarci taron malamai ba, shi ake bai wa. Ranar da aka zo kan ƙwallon kwando, matarsa na asibiti tana naƙuda. Washegari bawan Allah ya shigo ofis baki har kunne zai yi albishir, sai ya tarar da usur a kan teburinsa, da takarda an rubuta masa murna. Tun daga ranar yake Koci. Yarinyar da aka haifa yanzu har ta shiga firamare.

Mutum ne mai kirki, na shaida. Yana zuwa fili da tulin takardun jarrabawa, ya zauna a benci yana gyara, jan biro a hannu, usur a baki. Koyarwarsa gaba ɗaya magana biyu ce. In ƙwallo na hannun abokan hamayya sai ya ɗago kai ya ce, “Ku yi gudu!” In tana hannun yaranmu sai ya ce, “A ba Falwaya!” Daga nan ya koma kan kogunan duniya da duwatsunta.

Falwaya ɗana ne. Yaran unguwa suka sa masa sunan nan na turken wutar lantarki tun yana aji ɗaya na sakandare, lokacin da ya fara miƙewa ba ji ba gani, ina sakin ƙasan wandonsa duk bayan 'yan watanni. Babansa mai gyaran wutar lantarki ne, saboda haka sunan ya zauna daram, har ni uwarsa na manta da na yankan sai in za a cike takarda. Yaron ba shi da surutu. Abin da yake so a duniya guda ne, kuma mai zagaye ne. Kafin a buɗe azuzuwa yana fili, bayan an tashi yana fili, ranar hutu ya lallaɓi maigadi ya buɗe masa. Babu wanda ya koya masa komai. Yana tsayawa ya jefa, ya ɗauko, ya matsa gefe ya sake jefawa, har hannunsa ya haddace kwandon nan yadda na haddace hanyar ɗakin girkina.

Shi da babansa sun yi yarjejeniya a gabana, ni ce shaida. Akwai kwalejin wasanni a babban gari da ke ɗaukar yara kaɗan duk shekara, ta ba su karatu da masauki kyauta, amma sai wanda ke gama sakandare a shekarar, kuma gwajin sau ɗaya ne, ba a maimaitawa. Baban ya ce in sun ɗauke shi, ya tafi da albarkarsa. In ba su ɗauke shi ba, akwai jakar kayan aiki tana jiransa a shago, domin ƙarfin gidanmu bai kai jami'a ba, kuma ba a cin ƙwallo da miya.

“Na yarda, Baba,” in ji Falwaya. Ko gezau bai yi ba. Me zai tsorata shi? Ai ba a taɓa cin su a gida ba.

Wannan ita ce maganar da Shugaba ya sa aka rubuta a ƙyalle aka rataya a bakin ƙofar makaranta, sama da sakamakon jarrabawa, wanda dama bai cancanci ƙyalle ba. Kuma gaskiya ce. Duk makarantar da ta zo filinmu sai ta koma jiki a sanyaye. Yaransu su jefa, ƙwallo ta bugi allo ko bayan ƙarfe ta dawo. Falwaya kuwa ko ido rufe sai ka ji fuu a cikin raga, allon wuta ya kurma ihu, ni ma in taya shi. Ina zuwa da murfin tukunya biyu, kowa ya san ni.

A waje kam wani labari ne. Ba su cika fita ba, domin motar makaranta tana da muhimman ayyuka, kamar kai iyalin Shugaba ziyara. Amma duk fitar da suka yi, lallasa suke sha. Kwamiti ya zauna ya yi bincike mai zurfi, ya gano dalilai: gajiyar hanya, son kai na alƙalan wasa, da ruwan sha na wasu unguwanni da ba ya karɓar yaranmu.

Wata rana bayan irin wannan dukan, Falwaya ya ce wa Koci, “Malam, ni fa kwandonsu kamar ya fi namu nisa.”

Malamin Labarin Ƙasa ya dube shi ta saman tabarau. “Tsoro ne, ɗana. Tsoro yana nisanta abu. Ko dutse in kana jin tsoron hawansa sai ka ga ya ƙara tsawo.”

Yaron ya dawo gida ya gaya mini, ni kuma na ce ai malam ya fi mu sani. Sau ɗaya wani da ya rako baƙi ya tsaya ƙarƙashin kwandonmu yana ɗaga kai yana ƙunƙuni, ya ce shi wani abu bai yi masa daidai ba. Aka yi masa dariya aka ce wanda aka ci ba ya rasa bakin magana. Shi ma ɗin malamin tarihi ne da bai je taron makarantarsu ba, saboda haka bai ja da nisa ba.

A taron iyaye na farkon shekararsu ta ƙarshe na ɗaga hannu. Ana tattauna yadda za a kashe kason wasanni, an kawo shawara biyu: a sayo kujerun 'yan kallo masu jingina, ko a yi wa ɗakin kwamiti silin.

“Yallaɓai,” na ce, “ko za a ɗauko wanda ya san wasan nan, ko da sau biyu ne a mako, ya riƙa duba yaran?”

Aka dube ni kamar na yi ashar. Malamin Labarin Ƙasa ne kawai ya miƙe da rawar jiki, ya ce shi ma ya sha roƙo a tura shi kwas na horarwa ko na 'yan makonni ne, ko kuma a karɓi usur ɗin nan a ba wani, shi wallahi zai gode.

Shugaba ya yi murmushi irin na wanda ya saba da jahilai. Mutum ne mai santsin murya, ko ƙin abu zai yi sai ka ji kamar ya ba ka kyauta.

“Maman Falwaya, ina jin daɗin kishinki. Amma ki duba. In na sayi kujera, baƙo ya zo zai ga kujera. In na ɗauki koci, baƙo ya zo me zai gani? Mutum tsaye. Kuma ƙungiyar da ba a taɓa ci a gida ba, me wani zai zo ya koya mata? Sai dai ya ɓata mana abin da Allah ya gyara.”

Aka tafa masa. Aka sayi kujeru, shuɗaye, kuma ba laifi suna da daɗin zama.

Ranar gwajin kwaleji ni na raka shi, don baban na da aiki a wani gini. Muka shiga wani zaure mai daɓen katako, takalma sai ƙyas ƙyas suke yi. Babu allon da ke kuka, babu ƙyalle, kujerun ma benci ne duk sun goge. Mutane ne dai tsaye, irin waɗanda Shugaba ya ce ba abin gani ba ne, kowanne da yara biyar shida a gabansa yana gyara musu ƙafa da kafaɗa. Babbarsu wata mata ce siririya mai furfura, ba ta ɗaga murya, amma in ta ɗaga yatsa zauren kan yi shiru.

Da aka auna tsawo, Falwaya ya fi kowa. Na gyara zama na dubi matar da ke kusa da ni don ta san nawa ne. Daga nan abubuwa suka fara lalacewa. Aka ce a tuƙa ƙwallo da hannun hagu, ɗana ya bi ta har bango. Aka ce a tsare abokin hamayya, ya miƙe ƙiƙam yana jira a ba shi ƙwallo, domin abin da aka koya masa ke nan. Wani ɗan guntun yaro da bai kai masa hammata ba ya zagaye shi sau uku kamar yana zagaya bishiya. Na ce a raina ba komai, bari a zo jifa, nan za su san wanda suka gayyato.

Aka zo jifa. Ya tsaya, ya ja numfashi, ya saki ƙwallon nan da kyawun da na sani. Ta bugi gaban ƙarfen ta dawo. Ya sake, gaban ƙarfe. Ya matsa gefe, gaban ƙarfe. Ba ya kaucewa dama, ba ya kaucewa hagu, wuri ɗaya take sauka kamar an ɗaura ta da zare. Zauren ya cika da ƙarar ƙarfe, kan, kan, kan. Na ga gumi ya jiƙa masa baya, na ga ya fara waiwayowa yana nema na. Na ji kunya, kuma na ji kunyar jin kunyar, don ɗana ne.

Matar mai furfura ta ɗaga yatsa. Ta tako har gabansa, ta kama gwiwar hannunsa ta turo ciki, ta buga masa bayan ƙafa ya ɗan durƙusa, ta nuna masa sama ta yi magana kaɗan. Ya jefa, ta kuskure. Ta sake gyara shi. Ya jefa, ta shiga. Ya sake, ta shiga. Ya juyo ya dube ta da wata irin fuska da ban taɓa gani ba, irin ta yaron da aka fara kira da sunansa. Duk abin bai kai lokacin da ruwa ke ɗauka ya tafasa ba. Sai ta koma wurin sauran yara, domin ba shi kaɗai ya zo ba. Tana barin wurin hannunsa ya koma abin da ya sani, ƙarfe ya ci gaba da kuka.

Da yamma aka kira sunaye. Babu nasa.

Ban yi niyyar magana ba, amma ƙafafuna suka kai ni gaban matar mai furfura. Ta gane ni, ai tsawon a wurina ya ɗauko.

“Ke ce mamansa? Wa ke horar da shi?”

“Malamin Labarin Ƙasa.”

Ta dube ni, ta ga dai ba wasa nake ba.

“Mama, ban cika ganin hannu mai tsabta irin na yaron nan ba. Wanda ke kuskurewa wuri ɗaya kullum ba rashin iyawa ke damunsa ba, ya iya wani abu ne daban. Ku je ku auna kwandon makarantarsu. Daga ƙasa zuwa ƙarfe ya kamata ya zama mita uku da ɗan ɗoriya, ko'ina a duniya haka ne.”

“To in haka ne ba laifinsa ba ne. Ku ɗauke shi mana, ku gyara shi. Na ga yadda kika yi masa yanzun nan.”

“Da na same shi yana aji ɗaya, da yau wani zancen ake. Yanzu sai an kwance masa jifan, sannan a koya masa ƙafa, da hagu, da tsaro, duk daga farko. Gurbin da nake da shi kaɗan ne, ga kuma yaran da aka riga aka koya wa. Ba zan iya hana su in ba shi ba. Ki yi haƙuri.”

A mota Falwaya ya jingina kai da taga yana kallon hanya. Ni ce na yi ta zuba, na zagi alƙalai, na zagi daɓen katako, har ruwan garin na so in zaga sai na tuna daga bakin wa na ji wannan.

Ranar hutu baban ya ɗauki tsani da tef ɗin awo, muka tafi mu uku. Maigadi ya buɗe mana, ya biyo mu yana tambaya ko fitila ce ta mutu. Falwaya ya riƙe tsani, baban ya hau, ni na danne bakin tef a ƙasa. Ya duba, ya sake dubawa, ya sauko ya koma ɗaya kwandon. Sannan ya ware babban yatsansa da na tsakiya ya nuna mana.

“Taƙi guda ya rage. Dukansu biyun.”

“Au, wannan?” in ji maigadi. “Ai na ɗauka kowa ya sani. Ranar buɗe fili ne. Uban makaranta, wanda ya ba da kuɗin ginin, shi zai fara jefa ƙwallo a ɗauki hoto. To kun san shi ba shi da tsawo. Ana gobe biki aka kawo shi ya gwada, ya jefa ya jefa ko raga bai taɓa ba, har ransa ya fara ɓaci. Sai Shugaba ya kira mai walda ya ce a ɗan sauke. Aka sauke ɗaya, sai aka ga ba su yi daidai ba, hoto zai yi muni, aka sauke ɗayan ma. An ce bayan biki za a mayar.”

“Yaushe aka yi bikin?” baban ya tambaya.

“Kai, tun kafin wannan dogon ya shigo makarantar.”

Na dubi ɗana. Har yanzu yana riƙe da tsanin, alhali babu kowa a kai.

Washegari ina ofishin Shugaba kafin ya ajiye jaka. Hoton na nan a bango bayan kujerarsa, Uban makaranta ya yi tsalle ƙafafunsa ba su bar ƙasa ba, ƙwallo na shiga, manyan baƙi na tafi. Na gaya masa komai, ban rage ba, wasu kalmomin ma ba zan maimaita su a nan ba. Ya saurare ni da haƙuri, yana gyaɗa kai.

“Maman Falwaya, ki kwantar da hankalinki mu yi tunani irin na ilimi. Da mu da baƙi, ba kwando ɗaya muke jefawa ba? To ina zaluncin?”

“Zaluncin yana gida, Yallaɓai, ya ƙi cin abinci.”

“Allah sarki. Amma ki fahimta, in muka taɓa ƙarfen nan yanzu, maganar za ta fita, Uban makaranta zai ji, kuma yana shirin yi mana rumfa a kan kujeru. Ga wasan ƙarshe na gida saura mako biyu, ba ma so mu rikita yara. Zan miƙa wa kwamiti. Kafin nan, ki gaya wa yaron mun yanke shawarar ba shi lambar gwarzon ɗan wasa na tarihin makaranta. Da gilashi za a yi ta.”

“A sa ta ƙasa-ƙasa,” na ce, “yadda kowa zai kai.”

Ya ce shawara ce mai kyau. Wallahi har rubutawa ya yi.

A baranda na haɗu da Malamin Labarin Ƙasa, ashe yana tsaye ya ji komai. Tulin takardu a ƙirjinsa, idonsa ya yi ja.

“Ya gaya mini fa,” ya ce. “Yaron ya gaya mini da bakinsa, na ce masa tsoro ne. Ni da nake koya musu tsawon duwatsu.”

Na zo da sauran faɗa a bakina, amma na rasa inda zan ajiye shi. Mutumin nan laifinsa kawai ya je ganin haihuwar 'yarsa. Na ce masa Allah ya raya ta, na wuce.

Baban bai tayar da maganar yarjejeniya ba, kuma na san da wuya ya tayar, domin na ga fuskarsa a kan tsanin nan. Falwaya ne da kansa ya je ya ɗauko jakar kayan aiki daga shago ya ajiye a bakin ƙofar ɗakinsa. Da safe na fito na same shi a kan tabarma cikin tsohuwar rigar aikin babansa, hannun rigar ya tsaya masa a rabin damtse. Na ajiye masa shayi. Na fara ba shi labarin lambar gilashi, ina kwaikwayon muryar Shugaba, da gyaɗa kan, da komai, ko zai yi dariya. Ya bar ni na gama.

“Umma.”

“Na'am.”

“Duk waɗanda na ci ɗin nan, tun daga aji ɗaya, da kike zuwa kina buga murfi. Akwai ko guda ɗaya da ta shiga da gaske?”

Ni da ban taɓa rasa amsa ba, a kasuwa ko a taron iyaye ko a gaban Shugaba, na buɗe baki na rufe. Na so in ce duka. Na so in ce ai na ga biyu da idona a zauren katako. Amma ba rarrashi yake nema ba, so yake a gaya masa gaskiya, kuma a duk shekarun nan ba a ba shi mutum ɗaya da ya san ta ba, har da ni.

Ya jira kaɗan. Da ya ga ba abin da zai fito, sai ya shanye shayin, ya ce na gode, ya saɓa jakar. Babansa na kiransa daga waje su yi sauri kada mota ta cika.